Takarda ba ta yaɓe gida: abin da na gani a Sawakin da Dungunab

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka baki ɗaya, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka yi haƙuri ka ba ni fili ko da wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, don maganar ta daɗe tana cina.

Tun da tsohon masallacin nan na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya kwanta a daminar 2024, farkon watan Satumba, masallacin da yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, maganar da ake ta juyawa a fada-fada da guruf-guruf na WhatsApp ita ce wai da an saka Birni cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO kamar yadda aka saka Agadas a 2013 to da hakan bai faru ba, da kuɗi sun zo, da nasaru sun cika gari da kyamarori, da samarinmu sun samu aikin yi. Ni ban ƙi ba wallahi, Allah ya sa a saka, ai tun 2006 sunan Birni da fadar Sarki yake cikin jerin masu jiran layi. Amma ni na je wurin da yake da wannan takardar ta UNESCO na kwana a cikinsa na sha ruwansa, na kuma ga wani gari kusa da shi da masu shi suka tashi suka bar shi, shi ya sa nake so in faɗa wa 'yan'uwana Damagarawa abin da idona ya gani, gani ya kori ji.

Wurin a Sudan yake, bakin Bahar Maliya. Kafin wani ya ce me ya kai ɗan Birni can, to zumunci ne. Ƙanen kakana yana cikin waɗanda suka tafi Makka a ƙafa, irin tafiyar nan ta da da mutum zai bi ta Barno ya ƙetare zuwa Fallomi, ya wuce Abeshe, ya shiga Darfur ta Jinena, yana tafe yana tsayawa neman guzuri, wani ya yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira wani ya yi ga-ruwa wani ɗinki, shekaru na wucewa, har a kai Sawakin inda ake killace alhazai a duba lafiyarsu sannan a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Shi ya sauke farali ya dawo amma bai wuce Bur Sudan ba, wato Port Sudan ɗin da kuke ji a rediyo, nan ya yi aure nan ƙasa ta rufe masa ido. Zuri'arsa na nan, Hausa a bakinsu har gobe sai dai ta sha Larabci. Kafin wannan yaƙin ya ɓarke a watan Afrilun 2023 Allah ya nufe ni da zuwa na gan su, kuma 'yar marigayin, Gwaggo, tana nan da ranta lokacin, tambayar farko da ta yi mini bayan gaisuwa ita ce ko har yanzu ana wahalar ruwa a Damagaram, wai haka babanta yake ba su labari. Na ce Gwaggo sai abin da ya ƙaru. Ta yi dariya ta ce to ka zo gida, don su ma Bur Sudan bidon da jaki da tanka ne rayuwarsu.

Ɗanta ne, ƙanena ke nan, ya fara kai ni Sawakin, tafiyar kamar kilomita 60 kudu da Bur Sudan.

Malam Edita ban san yadda zan kwatanta maka ba. Tsohon garin a kan wani ɗan tsibiri yake, kewayayye, a cikin wani lungu da teku ta shigo cikin ƙasa, an yi masa 'yar hanya da ta haɗa shi da tudu. Ɗaruruwan shekaru nan ce babbar ƙofar wannan yanki, Turkawa sun riƙe ta tun ƙarni na 16, fatake daga Hindu da Yaman da Masar da Jidda duk sun zauna, ayarin raƙuma na sauke ƙaro da hauren giwa da fatu suna ɗaukar yadi da kayan yaji. Gidajen benaye ne hawa biyu hawa uku da tagogin katako masu sassaƙa da suka leƙo waje, duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar unguwar Balad a Jidda ya san irinsu. Yanzu fa? Tsibi-tsibi ne na farin dutse, nan bango ɗaya a tsaye da ƙofa ba ɗaki a bayanta, can matakala ta hau sama ba ta kai ko'ina ba, kyanwoyi na yawo a kai, awaki na neman inuwa. Mutanen wurin na da labarai na aljanu iri-iri game da tsibirin da kyanwoyinsa, ni dai ban ga aljani ba, zafi na gani.

Na ɗauki wani gutsuren dutsen ginin na duba da kyau. Ba nauyi kamar dutsen Birni, duk jikinsa 'yan ramuka ne a jere kamar an zana su da allura, in ka murza da yatsa gari na zuba. Murjani ne. Daga cikin teku aka sassaro shi aka yanka tubali-tubali aka yi gini, ana saka katako tsakani don ya riƙe, sannan a shafe da farar ƙasa wadda ita ma murjanin ake ƙonawa a samu. To shi wannan gini sirrinsa ɗaya ne da na gidan ƙasa, in ana shafe shi a kai a kai kamar yadda muke yaɓe kafin damina sai ya yi shekaru ɗaruruwa, ranar da aka daina sai gishiri da raɓa su shiga ramukan, katakon ya ruɓe, bango ya buɗe. Ba bam aka jefa wa Sawakin ba, ba girgizar ƙasa ba ce ta yi mata wannan aika-aika, yawancin abin da ka gani a ƙasa rashin mai shafawa ne ya kayar da shi.

Me ya kori masu shafawar? Ingilishi ne suka ga mashigar Sawakin ta yi wa manyan jiragen tururi ƙunci, murjanin da aka gina garin da shi shi ne kuma ya tsuke hanyar shiga, sai a 1905 suka fara gina sabuwar tasha a arewa, aka buɗe ta a 1909, ita ce Bur Sudan. Duwan, wato kwastan, ta koma can, banki ya koma, jirgin ƙasa ya karkata can, 'yan kasuwa suka bi kuɗinsu, kafin a yi nisa manyan gidaje sun zama na jemagu. Kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ina tsaye a wurin sai da gabana ya faɗi, don mu Damagarawa ba sai an yi mana bayanin irin wannan ba, mu ne fa babban birnin ƙasar nan har 1926 da Faransawa suka kwashe buro-buronsu suka koma Yamai, kuma cikin dalilan da ake bayarwa har da maganar ruwa. Bambancinmu da Sawakin shi ne mu ba mu tashi ba, Sarki na fadarsa, mutane na cikin lungunansu, ana haihuwa ana suna ana biki. Wannan ne ya riƙe Birni shekara ɗari, ba wata takarda ba. Ita Sawakin tun 1994 sunanta ke cikin jerin masu jiran layin nan da muke ciki, bango bai fasa faɗuwa ba. Turkiyya ta zo ta gyara tsofaffin masallatai biyu na tsibirin, Hanafi da Shafi'i, da ginin duwan, har shugabansu Erdogan ya ziyarci wurin a ƙarshen 2017, gyaran ya yi kyau ba ƙarya, fari tas, amma ka fito daga masallaci ka waiga hagu da dama babu maƙwabci ko ɗaya da zai amsa kiran salla sai masu gadi da baƙi irina. Rayuwar Sawakin ta koma tudu, inda kasuwa take da tashar da feri ke ɗaukar mutane da dabbobi zuwa Jidda, nan ne ma jirgin nan ya nutse da tumaki sama da dubu 15 a watan Yunin 2022, 'yan kasuwar dabbobinmu za su tuna.

To wannan garin da aka bari ke nan. Saura wurin da yake da takarda.

Ƙanen nawa aikinsa tuƙin kamiyon kifi ne, ya loda ƙanƙara a Bur Sudan ya nufi arewa ƙauyukan masunta ya saya ya juyo. Na ce sai na bi shi. Ya ce Yaya ba za ka iya ba, can ba otel ba kuran ba komai, na ce kai yaro ni da na yi Tasker da Tanut a bayan kamiyo. Muka bi gudron da ya miƙe zuwa iyakar Masar, hagu jajayen duwatsu tsirara ba ko ciyawa, dama teku shuɗiya har ido ya gaji, tsakani fili ne na gishiri da ƙaya da raƙuma jefi-jefi. Kamar kilomita 125 daga Bur Sudan ake shiga yankin da aka keɓe, gandun teku na Dungunab da tsibirin Mukawwar, wanda gwamnatin Sudan ta ayyana a 2004. Akwai wani kuma da ya riga shi tun 1990, Sanganib, shi a tsakiyar ruwa yake kamar kilomita 25 daga gaɓa, zobe ne na murjani da ya taso daga ƙarƙashin teku mai zurfin gaske, da doguwar hasumiyar fitila a kai don jirage. A 2016 UNESCO ta haɗa su biyun ta saka cikin jerin gadon duniya. Wato irin takardar da muke mafarki, su sun samu.

Mun sauka a Muhammad Ƙol, daga baya muka ƙarasa ƙauyen Dungunab ɗin kansa. Mutanen Bija ne, dogaye sirara da farar riga da 'yar falmaran a sama, asalinsu makiyayan raƙuma ne na cikin duwatsu, fari da mutuwar dabbobi suka turo da yawansu bakin ruwa suka koyi su. Gidajen katako ne da kwano da tabarma. Ba za ka zauna minti biyar ba an kawo maka jabana, gahawa ce da suke soyawa a gabanka su daka da citta su dafa a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya su toshe bakin da zaren kaba don tacewa, ana zuba maka a ɗan finjali zagaye bayan zagaye, wanda ya saba da shayin fada ba zai ji baƙunta ba ko kaɗan. Amma ruwan da aka dafa gahawar da shi saye aka yi. Teku ga ta nan har bakin ƙofa, ɗigo ɗaya ba ya shayuwa, Bahar Maliya ma ta fi yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita inda sauran ke da kamar 35, saboda babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinta ga rana na ƙafar da ita. Kuma wannan rashin kogin shi ne ya sa ruwan yake garau ba laka, shi kuwa murjani abin da yake so ke nan. Abin da ya hana mutum sha shi ya raya dutse, ikon Allah.

Wani dattijo da ƙanena ke sayen kifi a hannunsa ya sa 'ya'yansa suka ɗauke ni a kwalekwale da sassafe kafin iska ta tashi. Ni ban iya ruwa ba, iyakacina tabki da damina muna yara shi ma iya gwiwa, don haka suka ba ni wani tsohon gilashin nutso da aka ɗaure da robar tayar keke, suka ce in kama gefen jirgi in tsoma fuskata kawai.

Malam Edita na karanta Suratur Rahman tun ina makarantar allo, na wuce ayar da ke cewa lu'ulu'u da murjani na fita daga cikinsu ban san adadi ba, kuma a kaina murjani shi ne jan dutsen nan da iyayenmu mata ke sawa a wuya. Wancan ashe wani iri ne daban, na nan ba ja ba ne. Wani ruwan ƙasa, wani kore-kore, wani shunayya a bakin rassa, wani ya yi faɗi a kwance ya yi rumfa, wani dunƙulalle ya fi ɗaki girma, kuma duk jikinsu motsi ne, ƙananan kifaye ruwan lemo dubbai suna tsaye a sama da shi, in inuwar jirgi ta gifta su faɗa ciki gaba ɗaya lokaci ɗaya sannan su sake fitowa a hankali. Akwai wani kifi kore da shuɗi mai baki irin na aku, ina kallonsa yana gatsar dutsen, kuma wallahi ana jin ƙarar a cikin ruwa, ƙaras ƙaras, can sai ya saki wani farin gari ta baya. Yaran suka ce wannan garin shi ne farin rairayin da na taka a bakin gaɓa. Mita kaɗan gaba sai murjanin ya yanke kamar an sare, ƙasa ta ɓace, shuɗi ya koma baƙi-baƙi, nan na ɗago kaina na ce a mayar da ni, ɗan tudu ya san iyakarsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan dutsen rai gare shi. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne kowanne na zaune a raminsa yana gina wa kansa ƙashi na farar ƙasa, ya mutu na bayansa ya ɗora a kai, ramukan nan da na gani a tubalin Sawakin ɗakunansu ne. A cikin jikinsu kuma akwai wani gansakuka da ba a gani da ido, shi ke amfani da hasken rana ya samar musu da yawancin abincinsu, shi ke ba su launi. In ruwa ya yi zafi fiye da kima na tsawon makonni sai su fitar da gansakukan su yi fari fat, in zafin bai sauka ba su mutu da yunwa. Dunƙulallun nan kuwa abin da suke ƙaruwa a shekara bai wuce kamar santimita 1 ba, ka lissafa da kanka shekarun wanda ya kai girman ɗaki, sannan ka tuna ƙarfen anga ɗaya da aka jefa ba a duba ba zai iya farfasa na kusa da shi a minti ɗaya. Kuma ba ado kawai ba ne, shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso ƙauye, a cikinsa kifi ke haihuwa ya girma, ba shi ba kifi ba kamiyon ƙanena.

Ban da murjani wurin na da ciyawar ƙarƙashin ruwa inda wani ɗan'uwan ayu ke kiwo, irin ayun da ake samu a kogin Kwara amma wannan na ruwan gishiri ne, kuma Dungunab na cikin wuraren da suka rage masa a Bahar Maliya. Akwai kunkuran teku da ke hawa tsibirin Mukawwar su yi ƙwai a rairayi, akwai manyan kifayen shak, akwai wani faffaɗan kifi mai fukafukai da faɗinsa kan wuce mita 3, shi kam na gan shi daga cikin jirgi ya wuce ta ƙarƙashinmu baƙi ƙirin ba ko sauri, yaran ko a jikinsu. A bakin gaɓa akwai itatuwa da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, raƙuma na shiga har ƙirji suna cin ganyen.

Ga wani abu da matanmu za su so su ji. Na ga mata da yara zaune gaban tarin katantanwar teku suna ciro wani ɗan abu mai kauri ruwan ƙasa daga bakin kowace, murfin da dabbar ke rufe kanta da shi, suna tarawa a gwangwani. Ina ɗauka na shinshina sai na ce kai, wannan ai farce ne, farcen da ake haɗa humra da turaren wuta da shi, wanda uwargida ke aikena nema a kasuwar Dole kuma kullum in dawo ina ƙorafin tsada. Katantanwa ɗaya farce ɗaya. Ka duba yawan da za a kashe kafin gwangwani ya cika, ka duba abin da dillali zai ba matar nan, ka duba abin da muke biya a nan bayan ya ratsa ƙasashe, sai ka san wa ke cin wahalar wa ke cin riba. Ban ce duk farcen kasuwarmu daga nan yake ba amma irinsa ne, kuma tun ranar in amarya ta wuce tana ƙamshi matan nan nake tunawa.

To yanzu ga inda nake so a saurare ni. Baƙi na zuwa wannan gaɓar, ko in ce suna zuwa kafin yaƙi, masu nutso daga Turai, Italiyawa da sauransu, don a wajensu wurin sananne ne, a nan kusa ne a Sha'ab Rumi Bafaranshen nan Cousteau ya kafa gidaje a ƙarƙashin ruwa a 1963 mutanensa suka zauna ciki wata guda, ga kuma jirgin Italiya Umbria da matuƙinsa ya nutsar da gangan kusa da Bur Sudan a watan Yunin 1940 da lodin bama-bamai don kar Ingilishi su ƙwace, har yanzu yana kwance ana zuwa kallo. Amma ta yaya suke zuwa? A jirgin ruwa mai ɗakunan kwana da kicin da komai, wasu daga Bur Sudan wasu tun daga Masar, su ci a ciki su kwana a ciki su yi nutsonsu su ɗau hoto su juya. Ƙafarsu ba ta taka ƙauye balle su sayi ko kofin gahawa. Na sa ƙanena ya tambayi dattijon nan me ya canja tun da wurin ya shiga jerin duniya, ya ɗan yi shiru yana juya finjali sannan ya nuna teku da haɓa ya ce da dare suna ganin fitilun jiragen, shi ke nan amsarsa. Ya ce an zo an yi taro da su an ce kar a kama kaza kar a taɓa kaza, kuma shi bai ƙi ba don ya fi masu taron sanin cewa najil, jan kifin nan mai ɗigo-ɗigo da 'yan Jidda ke rububi, ya ragu ba kamar lokacin ƙuruciyarsa ba, amma in ya bar kifin yau me zai ba mai tankar ruwa gobe.

Ban ga laifin wanda ya ba da takardar ba, shi suna ya bayar kuma sunan gaskiya ne, wurin ya cancanta. Ban kuma ce keɓe wuri banza ne ba, in ba don an keɓe ba wa ya san irin jiragen kamun kifi da gine-ginen da za su afka wa wurin. Abin da nake cewa shi ne wanda zai hana a jefa anga kan murjani da tsakar dare ba ya Paris inda ofishin UNESCO yake ba ya Hartum, yana cikin ƙauyen nan, kuma in cikinsa ba komai ba zai hana ba, shi ne ma zai jefa. Haka yake a gandun dajinmu na Tarmit da aka keɓe a 2012, fili mai faɗin gaske, ka tambayi makiyayin da ke shayarwa a rijiyoyin wurin me ya shigo aljihunsa, shi ne ma'aunin, ba yawan taron da aka yi a otel a Yamai ba.

Mu dawo Birni. A ce gobe an ba mu takardar. Mota za ta kawo baƙi daga filin jirgi, su tsaya ƙofar fada su ɗau hoton dogarai da zanen bango, su koma mota su sha ruwan gorarsu su tafi, mai gidan da aka ɗau hoton bangonsa kuwa an hana shi sa siminti an hana shi kwano amma ba wanda ya ba shi ko buhun makuba ko kuɗin magini. Shekara biyu uku zai gaji ya sayar ko ya koma sabuwar unguwa ya bar wa 'yan haya, ɗan haya kuma ba ya yaɓe gidan wani. Ni a ganina kafin mu nemi a san mu a duniya, a fara da abin da zai sa ɗan Birni ya zauna a Birni, pampo ya kawo ruwa, a gyara magudanai don ruwan sama ya daina kwanciya a gindin bango, a nemo tsofaffin maginan da suka rage a haɗa su da samari a biya su kamar yadda ake biyan mai siminti, don yanzu yaro na jin kunyar a ce masa maginin ƙasa. In kuma baƙin sun zo to su kwana a cikin unguwa su ci tuwon unguwa, ɗan unguwa ya zaga da su. Masu hannu da shuni na garin nan da ke gina benaye a Yamai da Kano, gidan kakanku fa?

Ga masu sha'awar zuwa can kuwa, dan Allah ba yanzu ba. A 2023 gwamnatin soja ta koma Bur Sudan da zama bayan yaƙi ya ci Hartum, garin ya cika da 'yan gudun hijira, madatsar Arba'at da suke samun ruwan sha daga gare ta ta ɓalle a watan Agustan 2024, daminar nan dai da ta kayar mana da masallaci, a watan Mayun 2025 kuma jirage marasa matuƙa suka kai wa garin hari. Hanyar Darfur da kakanninmu suka bi kam ba a ma maganarta. Gwaggo ta rasu ana cikin wannan hali, Allah ya jiƙanta ya ba su zaman lafiya. In Allah ya kawo sauƙi wanda zai je ya nufi lokacin sanyi don zafin bazararsu da gumi ya fi namu mugunta, ya nemi izinin tafiya kafin ya bar Bur Sudan don akwai shingaye a hanya, ya riƙe ruwansa, ya sa takalmi in zai taka cikin teku don murjani na yanka kuma ciwon ba ya saurin warkewa, kar kuma ya ɓallo ko ɗan guntu wai tsaraba.

Sai roƙo na ƙarshe gare ka Malam Edita. Akwai sauran tsofaffi a garin nan da aka goya su ko suka taka da ƙafarsu a wannan hanyar ta Sawakin, sun san sunan kowane zango, sun san me aka ci me aka biya, sun san waɗanda aka binne a hanya, kuma kullum raguwa suke. Ka turo wakilinka na Damagaram da rikoda ya zauna da su. A lungunmu kaɗai akwai wata tsohuwa da aka haifa a hanyar dawowa kuma ta riƙe labarin iyayenta tsaf, in ya zo ni zan kai shi da kaina, sai dai ya zo da hantsi don bayan azahar barci take yi, ya kuma taho da goro fari, ba ta cin ja.

Wassalam, naka mai karanta jaridarku kullum,
wani ɗan Birni, Damagaram.